Amosanin gaɓɓai

Amosanin gaɓɓai, wanda ake kuma kira sanyin ƙashi ko ciwon gaɓoɓi, suna ne da ya tattaro cututtuka fiye da 100 waɗanda ke kama gaɓoɓin jiki, su jawo ciwo, kumburi, sandarewa da raguwar motsi. Wasu daga cikinsu suna zuwa ne sannu a hankali tare da shekaru, wasu garkuwar jiki ce ke haddasa su, wasu kuma ƙwayoyin cuta ne ke shiga gaɓa. Ya fi yawa ga manya da tsofaffi, amma yana kama matasa har da yara ƙanana. Yana cikin manyan abubuwan da ke jawo naƙasa a duniya. Mafi yawan nau'o'insa ba sa warkewa gaba ɗaya, sai dai ana iya rage ciwon da kare gaɓa daga lalacewa idan aka gane nau'in da wuri, domin kowane nau'i da irin maganinsa.

Suna da ma'anarsa

Sunan da likitoci ke amfani da shi, atiraitis, ya samo asali ne daga Girkanci: arthron na nufin gaɓa, ɗafa-ƙeyar -itis kuma tana nuna kumburi. A Hausa, gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi da ƙashi, jam'inta gaɓoɓi ko gaɓɓai. Da kalmar ce ake kiran gaɓar rake da ta kara, da ita kuma masu nazarin harshe ke kiran gaɓar kalma. Amosani yana fitowa a sunayen wasu larurori da ba su da alaƙa da juna a likitance, kamar amosanin kai da amosanin jini, wato sikila.

Kalmar sanyi ta fi kawo ruɗani. Bahaushe yana danganta cututtuka da dama da shigar sanyi jiki, kuma likita Lewis Wall ya yi nazarin irin wannan fahimta ta cuta da lafiya a yankin Malumfashi cikin littafinsa Hausa Medicine na 1988. A yau “ciwon sanyi” kan nufi cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, “sanyin ƙashi” kuma ciwon gaɓoɓi. Saboda haka idan mara lafiya ya ce sanyi ke damunsa, ma'aikacin lafiya yana buƙatar ƙarin tambaya kafin ya gane abin da ake nufi. Sanyin hunturu ba ya haddasa amosanin gaɓɓai, ko da yake masu fama da shi da yawa suna cewa ciwon ya fi tsananta a lokacin.

Yadda gaɓa take

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206. A inda ƙasusuwa biyu suka haɗu don motsi, kamar gwiwa, kafaɗa ko yatsa, bakin kowane ƙashi yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi wanda ke hana su gugar juna. Wani tantani ya kewaye gaɓar, yana fitar da ruwa mai yauƙi da ke aiki kamar man inji, kuma daga wannan ruwan guringuntsi ke samun abincinsa, tunda ba shi da hanyoyin jini. Wannan ne ya sa guringuntsi ba ya saurin gyaruwa idan ya lalace, shi ne kuma ya sa motsi ke da amfani gare shi. Jijiyoyi da tsokoki ne ke riƙe gaɓar daga waje. Ire-iren amosani sun bambanta gwargwadon sashen da cutar ta fara taɓawa.

Amosanin zaizayewar guringuntsi

Wannan nau'in, ostiyo'atiraitis a bakin likitoci, shi ne mafi yawa. Guringuntsi yana zaizayewa a hankali, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, wasu ƙananan tsiro na ƙashi su fito a gefen gaɓa. Ya fi kama gwiwa, kwatangwalo, yatsun hannu da ƙashin baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 528 ne ke fama da shi, ƙarin kashi 113 cikin 100 a kan adadin 1990. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 kuma mata ne. Gwiwa kaɗai ta shafi mutane miliyan 365.

Abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa sun haɗa da shekaru, ƙiba, gado, tsohon rauni ko karaya da ta shafi gaɓa, karkacewar ƙafa, da aikin da ke buƙatar yawan durƙuso, tsuguno ko ɗaukar kaya masu nauyi. Ciwon yana ƙaruwa da aiki, ya lafa da hutu. Sandarewar safe ba ta cika wuce minti 30 ba, kuma akan ji gwiwa tana ƙara idan an motsa ta.

Amosanin rumatoyid

A wannan nau'in garkuwar jiki ce ke juyowa ta kai wa tantanin gaɓa hari. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, daga baya ya ci guringuntsi da ƙashi. Yakan fara da ƙananan gaɓoɓin yatsun hannu, wuyan hannu da ƙafa, kuma yakan kama dama da hagu tare. Sandarewar safe tana kai awa ɗaya ko fiye, tana raguwa idan mutum ya fara motsi. Ana samun kasala, rama da ƙarancin jini, kuma cutar tana iya taɓa huhu, ido da zuciya. Mutane miliyan 18 ne ke ɗauke da ita a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Shan taba yana ƙara haɗarin kamuwa da tsananinta. Idan aka bar ta shekaru ba magani, yatsu suna karkacewa har mutum ya kasa riƙe cokali ko ɓalle maɓallin riga, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Lufus wata cuta ce ta garkuwar jiki da ta fi kama mata matasa. Tana zuwa da ciwon gaɓoɓi, ƙuraje a fuska da zubewar gashi, kuma tana iya lalata ƙoda.

Gawut

Gawut yana faruwa ne idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini, ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yakan zo farat ɗaya, galibi cikin dare, kuma ya fi kama tushen babban yatsan ƙafa: wurin ya kumbura, ya yi zafi, ko mayafi ya taɓa shi sai mutum ya ji raɗaɗi. Yana lafawa cikin kwanaki ko mako biyu, sannan ya dawo. Ya fi yawa ga maza, da mata bayan ɗaukewar al'ada. Gado, ƙiba, ciwon ƙoda da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ƙara haɗarinsa. Yawan cin jan nama da kayan ciki irin su hanta da ƙoda, giya, lemon kwalba mai sukari da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da shi.

Amosanin da ƙwayoyin cuta ke jawowa

Ƙwayar cuta tana iya shiga gaɓa ta jini, ta rauni, ko ta allura da tsagar da ba su da tsafta. Gaɓa ɗaya ce kan kumbura, ta yi zafi, ta tara mugunya, mutum ya yi zazzaɓi ya kasa motsa ta. Wannan larurar gaggawa ce, domin guringuntsi yana iya lalacewa cikin 'yan kwanaki. Ana maganinta da zuƙe mugunyar ko wanke gaɓar tare da allurar kashe ƙwayoyin cuta.

Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kwatangwalo ko gwiwa, yana tafiya a hankali, kuma yana iya barin ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu. Burusela, wadda Fulani makiyaya ke kira bakkale a jikin shanu, tana kama mutum ta shan madarar da ba a tafasa ba ko taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, ta kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare da ciwon baya da gaɓoɓi. Ciwon sanyi na jima'i shi ma yana iya sauka a gaɓa. Cikungunya, wadda sauro ke yaɗawa, an fara gano ta a Tanzaniya a 1952, sunanta kuma daga harshen Makonde ne, yana nuni da yadda mai ita ke tanƙwarewa don ciwo.

Akwai kuma zazzaɓin rumatik, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba, musamman ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Ciwon yana tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya wuce ba tare da barin tabo a gaɓar ba, amma yana iya lalata ƙofofin zuciya har abada.

Yara, sikila da sauran dalilai

Idan kumburin gaɓa ya wuce mako 6 a jikin yaron da bai kai shekara 16 ba kuma ba a gano wani dalili ba, likitoci kan yi tunanin amosanin yara, wanda ke iya shafar girma da gani.

A Arewacin Najeriya da Nijar, sikila tana cikin abubuwan farko da ake bincika idan yaro ko matashi yana yawan ciwon ƙashi. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a Najeriya duk shekara. Jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje suna toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma idan toshewar ta shafi kan ƙashin cinya, ƙashin yakan mutu ya rufta, matashi ya fara ɗingishi da ciwon kwatangwalo. A nan sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon da gaske.

Ruwan sha ma yana iya zama sanadi. A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi, rijiyar burtsatsen da aka haƙa a shekarun 1980 ta kasance da sinadarin fuloraid fiye da kima, yara da yawa suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa da sandararrun gaɓoɓi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita ɗaya.

Bincike a asibiti

Likita yana fara da tambaya: gaɓa nawa ce, tun yaushe, da safe ko da yamma ciwon ya fi, akwai zazzaɓi ko rama. Ga wanda ya kai shekara 45, mai ciwon da ke ƙaruwa da aiki, wanda sandarewar safensa ba ta wuce minti 30, ana iya gane zaizayewar guringuntsi ba tare da hoto ba. Hoton ƙashi yana nuna ƙuntatar tazarar gaɓa, sai dai munin hoto ba kullum yake daidai da tsananin ciwo ba. Gwajin jini na ESR da CRP yana nuna kumburi, RF da anti-CCP suna taimakawa wajen gane rumatoyid, sannan akwai awon yurik asid da gwajin jinsin jini na sikila. Zuƙo ruwan gaɓa da allura shi ne ke raba gawut da mugunya.

Alamomin da ke buƙatar zuwa asibiti a ranar sun haɗa da gaɓa ɗaya mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi, yaron da ya ƙi taka ƙafa, ciwon baya tare da raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, da ciwon gaɓa bayan faɗuwa. Kumburin yatsu da ya wuce 'yan makonni, ko ciwon da ke tafe da rama da gumin dare, su ma ba a jinkirta su.

Magani

Ga zaizayewar guringuntsi, ƙa'idojin da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2022 sun sa motsa jiki da rage ƙiba a gaba da kowane magani. Ƙarfafa tsokar cinya, tafiya da hawa keke suna rage ciwon gwiwa, yawan kwanciya kuwa yana raunana tsoka ya ƙara sandarewa. Bincike ya nuna cewa rage kilo 1 na nauyin jiki yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Masu gashin ƙashi suna koyar da atisayen da ya dace. Sanda, idan an riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo, tana rage nauyin da ke kanta. Daga nan sai man shafawa na diklofenak, sannan ƙwayoyi na ɗan lokaci, ko allurar sitiroyid cikin gaɓa. Idan gaɓar ta lalace ƙwarai, ana tiyatar sauya gwiwa ko kwatangwalo da na ƙarfe da roba.

Rumatoyid yana buƙatar magungunan da ke danne cutar kanta, kuma fara su cikin watannin farko ne ke ceton gaɓoɓi. Babbansu metotireksat, wanda ake sha sau ɗaya a mako. Shansa kullum bisa kuskure yana iya kisa, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shansa. Akwai kuma haidiroksikulorokwin da salfasalazin, da sababbin allurai masu tsada. Gawut kuwa ana kwantar da shi da kolcisin ko maganin kumburi, sannan a hana dawowarsa da alofurinol, wanda ake ci gaba da sha ko ciwon ya tafi.

Haɗarin shan magani barkatai

Da yake ciwon yana daɗewa, mutane da yawa suna dogara da kemis da masu tallar magani a kasuwa, inda akan haɗa ƙwayoyi kala-kala a ƙulli ɗaya ba tare da suna ba. Diklofenak, ibufurofen da firoksikam dangi ɗaya ne. Haɗa su ko daɗewa a kansu yana jawo gyambon ciki, zubar jini a hanji, hawan jini da lalacewar ƙoda, musamman ga tsoho ko mai aiki cikin rana ba ya shan ruwa sosai. Deksametason da faradnisolon suna kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake son su, amma daɗewa a kansu yana kumbura fuska, ya kawo ciwon suga, raunin ƙashi da mutuwar kan ƙashin cinya. Wanda ya daɗe yana shansu ba ya dainawa farat ɗaya sai da kulawar likita. Farasitamol bai kamata ya wuce giram 4 a rana ga baligi ba, tiramadol kuma yana sa jaraba.

Maganin gargajiya

A ƙasar Hausa ana gasa gaɓa da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya, a sha citta, kurkum ko saƙe-saƙin hano. Wanzamai suna ƙaho da tsaga, masu ɗori kuma suna duba targaɗe da karaya. Ɗumi da tausa suna sauƙaƙa sandarewa, kuma sinadarin da ke sa barkono yaji yana cikin wasu mayukan asibiti. Amma ba a tabbatar da wani tsiro da ke dawo da guringuntsi ko tsayar da rumatoyid ba. Tsaga ko sakiya a kan gaɓar da ta kumbura tana iya shigar da ƙwayar cuta, aska ɗaya ga mutane da yawa kuma tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Babbar illa ita ce jinkiri, idan gaɓa mai mugunya ko tarin fukan ƙashi ya yi makonni a gida.

A Kiyawa da tsakiyar Jigawa

Kiyawa ƙaramar hukuma ce a Masarautar Dutse, gabas da birnin Dutse, ɗaya daga cikin 27 na Jihar Jigawa wadda aka ƙirƙira a 1991. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane 172,913. Mafi yawan jama'a manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Noma da fartanya a sunkuye, dakon buhuna a kasuwar Shuwarin, daka, surfe da ɗaukar ruwa duk ayyuka ne da ke ɗora wa gwiwa, baya da kafaɗa nauyi shekara da shekaru. Manomin da gwiwa ta kama a damina yana iya rasa shuka ko noman farko, abin da ke shafar abincin gidan na shekara. Haɗarin babur yana barin raunin da kan zama amosani bayan shekaru.

Ciwon gwiwa yana taɓa rayuwar yau da kullum: tsuguno a masai, zama a tabarma, ruku'u da sujada. Shari'ar Musulunci ta yarda wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune. Kujera, maɗaukakin mazaunin bayan gida da abin dafawa a bango suna sauƙaƙa wa tsofaffi.

Mara lafiya yakan fara da cibiyar lafiya matakin farko, daga nan a tura shi Babban Asibitin Dutse, ko Asibitin Rasheed Shekoni wanda yanzu yake asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Manyan ayyukan ƙashi kamar sauya gaɓa ana yinsu a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959. Likitocin da suka ƙware a cututtukan gaɓoɓi na garkuwar jiki ba su da yawa a Najeriya, akasarinsu kuma a asibitocin koyarwa suke, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kuɗin mota, na gwaji da na magani wata bayan wata suna sa wasu su daina zuwa. Jihar tana da hukumar taimakekeniyar lafiya mai suna JICHMA.

Harshe ma yana da muhimmanci wajen auna ciwo. A 2008 Adesola Odole da Aderonke Akinpelu na Jami'ar Ibadan sun wallafa fassarar Hausa ta wani ma'aunin tambayoyi da aka tsara a Ibadan don masu amosanin gwiwa da kwatangwalo, domin mara lafiyar da ba ya jin Turanci ya bayyana halinsa da kansa.

Tarihi

An ga alamun amosani a ƙasusuwan mutanen tsohuwar Masar, Hifokiratis na Girka kuma ya yi bayanin gawut. A 1800 Augustin Landré-Beauvais ya bayyana rumatoyid a Faris. Alfred Garrod na Ingila ya nuna yawan yurik asid a jinin masu gawut a 1848, shi ne kuma ya raɗa wa rumatoyid suna a 1859. Kamfanin Bayer ya fitar da asfirin a 1899. A 1948 Philip Hench ya gwada kotison a Amurka, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. John Charnley ya inganta tiyatar sauya kwatangwalo a farkon shekarun 1960. A Najeriya, Brian Greenwood ya wallafa bincike daga Ibadan a 1969 wanda ya nuna rumatoyid bai cika yawa ba a yankin. Rahotannin baya, ciki har da na Farfesa Olufemi Adelowo, sun nuna cewa ana samunsa da lufus fiye da yadda aka ɗauka.

Rigakafi

Ba kowane nau'i ake iya kaucewa ba, amma ana rage haɗari ta hanyar kula da nauyin jiki, motsa jiki, barin taba, shan ruwa isasshe, kai karaya da targaɗe asibiti, tafasa madara kafin sha, kai yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi wurin ma'aikacin lafiya, da gwajin jinsin jini kafin aure. Ana gudanar da Ranar Amosanin Gaɓɓai ta Duniya a ranar 12 ga Oktoba ta kowace shekara tun 1996.